Inuwa Bakwai Zuwa Komadugu

Ina jin shekarata biyar, ko shida, ban tabbata ba. Bayan la'asar Baba ya zauna a tsakar gidanmu na Diffa, yana tsara yadda zai kai mu bakin kogin Komadugu washegari mu ga kwale-kwale. Ya rubuta lokacin tashi da na dawowa, da sunayen yayyena. Nawa ne kawai babu.

"Ƙafarta ba za ta kai ba," in ji shi.

Na tura baki. Kakata ta ajiye tattasan da take tsincewa.

"Malam mai takarda, itace nawa ne daga nan zuwa ruwa?"

"Iya, wa ke ƙirga itace?"

"Wadda ta taɓa goyo."

Ta share ƙasa da tafin hannu, ta jera busasshen tattasai ɗaya bayan ɗaya, tana kiran tsamiyar masallaci, aduwa, goruba, har bakwai. "Yaro ba kogi yake zuwa ba. Daga inuwa zuwa inuwa yake tafiya."

Baba ya yi dariya, ya ƙara sunana.

Yanzu ina ƙarin karatu a birnin Lyon na Faransa. Mako guda ke nan ina tsara kai yarana tsohon gari, ina fargabar matakalu da titunan dutse, har na ce ƙila gara autata ta zauna gida. Jiya na bi hanyar ni kaɗai, na ƙirga bencuna daga tasha zuwa babbar majami'a. Tara ne, in ban yi kuskure ba. Na rubuta sunanta.