Mai Goge a Hagu

Sabesan ya ɗaure bakin jakar gangarsa da ƙarfin da bai kamata ba. Sun sauko ke nan daga wasan azahar a zauren waƙa na Mailapur, mawaƙiya Abhirami tana tsaye a kansa da kofi biyu.

"Kai wa Mukundan," ya ce. "Ai shi ya sha wahala."

Tun fara waƙar fuskarta na hagu, wajen Mukundan mai goge. Ta ja baiti, Mukundan ya mayar mata, su yi murmushi. Shi kuwa yana dama, ko kallo ɗaya bai samu ba.

"Wasan yamma da aka ba ki, ki nemi wani makaɗi."

"Saboda murmushi?"

"Saboda ni ba bango ba ne."

Ta ajiye kofin a hankali. "Yau sau biyu ka kauce wa kiɗa, Sabesan. Wa ya ji?"

Babu wanda ya ji, don tafin bin kiɗa da take yi a cinyarta ya bi shi ya rufe kuskuren.

"Kana can kana gadin fuskata," ta ce. "Ka taɓa duba wa hannuna yake bi?"