Mai Jar Hular Kwano

"Ga shi can, Iya, mai jar hular kwano, yana canza taya," in ji Nafisatu, tana matso wa uwarta da wayar.

Tseren ƙarshe ke nan a gasar motocin Jamus ta bana. Tun da aka fara gasar take nuna mata mutumin nan, wai yayanta Sadisu ne, makaniken da ya bar Matameye da burin yin aiki a can. Alhali ƙishirwa ta kashe shi a hamada, ko Aljeriya bai kai ba. Nafisatu ta ɓoye ne saboda ciwon zuciyar Iya.

Da aka gama tseren, ma'aikatan suka cire huluna suna murna. Mai jar hular ya fito Bature sak.

Nafisatu ta kife wayar. "Iya, ni dai..."

"Bar shi, 'yar nan. Direban da ya binne Sadisu ya zo mini gaisuwa tun kafin labarin ya iso ki. Na lura ranar tseren nan kaɗai kike iya cin abinci."

Iya ta gyara zama. "Yaushe za su fara na baɗi?"