Kada Ya Rintsa

Tun da aka ƙero sabuwar na'urar numfashi, masu minshari suka huta. Da barci ya ɗauke su, ita ke numfashi a madadinsu, har jikinsu ya manta yadda ake yi.

Ran da ta Malam Tanimu ta lalace, matarsa Laraba ta kai wa mai gyara.

"Sai gobe, Hajiya," in ji shi. "Kafin nan, kada ki bari ya rintsa."

Ta dawo ta tarar ya ci ya ƙoshi, ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Ta yi maza ta taɓa shi.

"Malam, tashi ka raka ni unguwa."

"Ina za mu da wannan rana?"

"Ko'ina," ta ce, tana miƙa masa takalmi.