Abin da Merv Ke Aunawa

Narelle ta banko ƙofar rumfar da ke bayan gida, ta tarar da mahaifinta Merv a sunkuye yana auna tsawon kwanson harsashi na tagulla. Wanda ya zarce sai ya rage masa baki.

"Baba, gida cike da masu ta'aziyyar Mama, kai kana nan? Da ranta ma tagullar nan ka aura, ba ita ba."

"Matsa, kin tare mini haske."

Nan take ta ƙudura komawa birnin Brisbane, inda take zaune, yau, ba zai ƙara ganin ƙeyarta ba. Halin 'ya'yan yanzu ke nan, hukunci kafin bincike.

Ta juya za ta fita, idonta ya faɗa kan sikelin da yake auna albarushi da shi. Abin da ke kai ba albarushi ba ne. Ga tulun tokar gawar mahaifiyarta da aka ƙona a gefe, a buɗe.

"Wasiyyarta ce, in ɗura tokarta a harsashi in harba ta a tudun da muka saba farauta," in ji shi. "Ita ke riƙe mini mazurari kullum. Hannuna rawa yake, 'yata. Tsoro nake in zubar da ita."

Narelle ta jawo kujera, ta ɗauki mazurarin.