Askar Gobir a Tandabawi

Ina shekara bakwai, ni da Inna muna dawowa daga ɗiban ruwa a unguwar Tandabawi, can ƙasar Larabawa, bayan la'asar, wani dillalin bayi ya cafke mini hannu.

"Bahabashiya ce," ya ce da Larabci. "Daga gidan ubangijinta ta gudo."

Inna ta sauke garwa. Ta juya fuskata wajen jama'ar da ta taru, ta bi tsagen kumatuna da yatsa.

"Wannan askar Gobir ce. Wanzamin Habasha bai san ta ba."

Sai ya sake ni.

Daga baya na ji Girkawan zamanin da can "mai ƙonanniyar fuska" suke kiran Bahabashe, da duk wani baƙin mutum. Ni fuskata ta cece ni. Har yau ina tunanin yarinyar da yake nema.