Gurbin Sallau

Tun shekarar da aka hana noma, garin tuwo daga hukuma yake zuwa, kuma ba ya zama a cikin kowa sai wanda sunansa ke kan allon ƙofar gida. Baƙo in ya ci, kafin ya wanke hannu ya amayar. Shi ya sa mutanen Gumel suka daina yi wa mai wucewa bismillah.

Gwaggo Ladidi tana kwashe tuwo da azahar sai wata mata ta yi sallama, riƙe da yarinyar da ko kuka ta kasa.

"Kwananmu uku a hanya, Gwaggo. Ba don ni ba, ko loma ɗaya ki ba ta."

"Baiwar Allah, kin san ba zai zauna mata ba."

"Na sani. Ko ɗanɗanon ta ji."

Ladidi ta dubi allon. Suna biyu aka yarje wa gidan: nata, da na ɗanta Sallau, wanda ya fita neman ruwa shekara bakwai ke nan. Sunan da aka goge ba ya komawa. In aka goge na Sallau, ran da ya dawo tuwon uwarsa zai ƙi shi.

Ta daɗe a tsaye, har tuwon ya fara hucewa. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan sunan ɗanta.

"Yaya sunan yarinyar?"

"Hajjo."

Allon ya yi ɗan ƙara, sunan Sallau ya ɓace, na Hajjo ya fito a gurbinsa. Ladidi ta tura kwanon gaban Hajjo.

"Bismillah."