Tafin Hannu a Kan Sifika

Kun san mai haɗa sautin mota da kunne yake saita bes, yana murɗa maɓalli sannu-sannu har gilashi ya daina rawa. To, ran nan 'yar tela ta tarar da masoyinta ya ɗora tafin hannu kan babbar sifikar but ɗin wata mota, yana laluben bugun. Motar sai girgiza take.

Sau biyu ta yi sallama. Bai juyo ba sai da inuwarta ta faɗo kansa.

"Baba ya ce ka turo manyanka."

Ya kashe kiɗan, yana kallon leɓɓanta.

"Ki ba shi haƙuri. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama yana hanya. Shekara tara kaina na cikin but."

"To sai me, Injiniya? Ai ka huta da surutuna."

Bai yi dariya ba. "Ranar da naƙuda ta kama ki, kika ƙwala mini kira daga ɗaki fa?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ya sunkuyar da kai, don kada ya ga abin da za ta ce.